Sassaƙen Gabas da Yamma

Duk wanda ya taɓa fita ta Ƙofar Guga ya miƙi hanyar gonaki a shekarun baya ya san Dajin Malam, wanda kuwa ya san dajin ya san Ummaru. Dogo ne siriri, yana tafiya a sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi. A Gobarau aka haife shi, gidan marina. Lokacin da ya kai ƙarfin riƙe sana'ar gidansu atamfar kanti ta riga ta kashe kasuwar, sai ya shiga buga-buga, yau dako gobe kwaɓar ƙasa. A shekarar saba'in da tara, sa'ad da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da hotunan 'yan takara, shi kuwa Ummaru ya samu aikin ban ruwa a wata gona da ba a shuka hatsi a cikinta.

Abin da kowa ya shaide shi da shi kunya ce. Ban ce ladabi ba, don ladabi kowa na da nasa gwargwado. Ummaru idan aka taka masa ƙafa a kasuwa shi ke ba da haƙuri. Idan aka manta gishiri a miya sai ya cinye ya yaba. Matarsa Hure ta sha faɗi cewa da ɓarawo zai shigo gidansu, mijinta ne zai riƙe masa tsani don kada ya ji ciwo.

Gonar ta Malam Salihu ce, wani tsohon malamin daji na Ƙofar 'Yandaka. Shi Malam ya yi aikinsa a zamanin babban fari, ya ga yadda itatuwan da ya tashi ya tarar suka yi ta ƙarewa, wasu a murhu, wasu a bakin awaki. Abin da aka yi ta dasawa a madadinsu bedi ne, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Malam ba ya gaba da bedi, amma yakan ce garin da yaransa ba su san inuwar kowa ba sai ta baƙo ya yi asara. Da ya ajiye aiki sai ya ɗauki gonarsa ta gado ya fara dasa itatuwan ƙasar nan, irin su marke da ƙirya da ɗinya da kanya da taura da hano. 'Yan'uwansa suka ce tsufa ya zo masa ta ka. Gonar da ke ba da damin gero, an mayar da ita wurin kwanan tsuntsaye.

Ummaru dai ya ɗauki garwa. Rijiya ɗaya ce a wurin, daga ita yake ɗiba ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, rani da bazara. Ya yi shinge da ƙaya, awaki suka keta, ya sake wani. A hankali abin da ake yi wa dariya ya fara yin inuwa. Wani maƙwabci da ya gaji da noma ya ba Malam aron gonarsa, daga baya ya ce ya bar wa Allah, dajin ya ƙara faɗi. Da Katsina ta zama jiha gidaje suka taso suka kewaye wurin, sai ya zama shi kaɗai ne duhuwa a wannan gefen gari. Malaman makaranta suka riƙa kawo ɗalibai su ga itatuwan da suke jin sunansu a bakin kakanni. Dokar wurin ba ta da yawa. Ba a sara, ba a sassaƙa, ba a kiwo. Abin da ya faɗo ƙasa da kansa, ganye ko 'ya'ya, kowa ya ɗiba. Irin da aka tara kuwa a rena shi a raba wa mai so kyauta, don burin Malam shi ne kowace bishiya ta dajin ta koma cikin gari da ƙauyuka inda ta ɓace.

A tsakiyar dajin akwai madobiya guda ɗaya tal. Malam da kansa ya je can kudu, bayan Funtuwa, ya haƙo 'yan tsirrai ya zuba a gwangwanayen madara, ya rungumo su a bayan babbar mota. Duk suka mutu sai ita. Ta yi jinkirin girma, ta yi jinkirin fure, kuma 'yan furannin da take yi ba sa ɗaukar iri mai kirki. Malam ya yi ta jira. Yakan ce a duk kewayen birni bai san wata madobiya da ta rage a tsaye ba, ranar da wannan ta ba da iri zai iya mutuwa da kwanciyar rai. Da yanar ido ta hana shi fitowa kullum, sai ya kama hannun Ummaru ya ɗora a jikinta ya ce ga amana nan. Tun daga lokacin Ummaru ke zuwa gidansa duk Juma'a bayan masallaci, ya gaishe shi, ya ba shi labarin daji. Malam yakan tambayi rijiya da shinge da wurin reno, amma tambayar ƙarshe kullum ta madobiya ce.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar casa'in da tara, da aka sake buga gangar siyasa. Ana cikin hidimar zaɓe Ummusalma, 'yar farin Ummaru, ta dawo gida goyon ciki. Ummaru bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka raɗa mata shi, sai dai ya ce yarinyar nan. Tare da ita uwar Hure ta tare a gidan don ta yi mata wankan jego. Sunanta Hajo, amma wannan suna ko a mafarki bai taɓa fita daga bakin Ummaru ba, Inna yake cewa. Tsohuwa ce gajera mai kaifin murya, wadda ba ta saba a mayar mata da magana ba. In ya hango ta a lungu yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Yanzu da ta shigo gidansa sai ya koma baƙo, a zaure yake cin abinci, tari ma sai ya fita waje yake yi.

Haihuwar ta zo da wuya. Yaro ya zo lafiya, amma uwar ta zubar da jini da yawa, ta yi fari fat, ko miƙewa ta yi sai jiri ya kwashe ta. An kai ta asibiti an ba ta ƙwayoyi. Inna Hajo ta juya su a tafin hannu ta taɓe baki, ta ce ita abin da ta sani na ƙarin jini tun zamanin iyaye shi ne sassaƙen madobiya, kuma ba kowane ba, na gabas da na yamma, kamar yadda masu magani ke sharɗantawa. Ba ta faɗa wa Ummaru ba, don suruka ba ta irin wannan magana da suruki. Sai ta aiki Hure. Hure ta same shi a zaure ta ce Inna ta ce kaza.

Ya so ya ce dokar daji ta hana, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Yaya za a yi ya aika wa Inna da a'a, a kan jinin 'yar da ya haifa? Ya yi tunanin zuwa wurin Malam ya nemi izini, nan ma ya fasa. Da wane ido zai dubi dattijon da ya ba shi amana ya ce yana so ya sa wa madobiya ƙarfe? Kuma dole sai ya yi zancen haihuwar 'yar fari a gaban babba, abin da yake ganin ya fi ƙarfin harshensa. Kunya ta tare shi ta gaba ta tare shi ta baya, sai ya zaɓi hanyar da ba sai ya yi wa kowa magana ba.

Da rana tsaka, lokacin da ba mai shigowa daji, ya ɗauki gizago ya nufi madobiya. Ya tsaya ta gabas ya yi bisimilla ya ɓantari kamar faɗin tafin hannu, ya zagaya ta yamma ya yi haka. Ruwan jikin madobiya ja ne, ya biyo bakin gizagon ya ɗiga a kan yatsun ƙafarsa. Ya goge da ƙasa, ya kwaɓa laka ya shafe raunin, yana gaya wa kansa cewa wannan ba ya kashe bishiya. Gaskiya ne kuwa, sau ɗaya ba ya kashewa.

Ummusalma ta sha jiƙon, ta kuma shanye ƙwayoyinta. Kafin a yi arba'in fuskarta ta dawo, tana dariya tana cin tuwo. Ƙwayoyin asibiti ko sannu ba wanda ya yi musu, yabo duk ya tafi ga madobiya. Inna Hajo ta koma gidanta da labari, kuma ba ta iya riƙe labari ba. Gidan suna, gidan biki, ko'ina sai ta ce ai surukinta ke da daji. Ba a jima ba Hure ta sake zuwa zaure da Inna ta ce. Wannan karon jikar ƙawarta ce. Bayan ita sai matar ɗan ƙanenta, sai wata maƙwabciya da ta yi ɓari. Kowace da gaske ba ta da lafiya, kowace kuma gabas da yamma take so.

Nan ne abin ya ɓaci. Gabas ɗin farko ta riga ta tafi, don haka sai ya ɓantara daga gefenta, ai nan ma gabas ce. Yamma ma haka. Gabas ta yi ta faɗi, yamma ta yi ta faɗi, ɓawon da ya rage ta kudu da ta arewa ya yi ta tsukewa. Ummaru ba baƙon itace ba ne, ya san abincin bishiya ta ɓawo yake bi, kuma in aka yi mata zobe ta gama. Ya san wannan sarai. Amma duk lokacin da ya auna da yatsunsa sai ya ce ai da saura. Ya samo tsohuwar zana ya naɗe gindin ya ɗaure da igiya, wanda ya tambaya ya ce don awaki ne. Ran Juma'a kuwa in Malam ya zo kan tambayarsa ta ƙarshe, Ummaru yakan dubi tabarma ya ce tana nan lafiya. Daga nan har ya kai gida ba ya jin daɗin yawun bakinsa.

Sau ɗaya ya yi ta maza. Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati, damina ta yi nisa, Hure ta zo da saƙo ya ce ta gaya wa Inna bishiyar ta gaji. Washegari yana cikin cire ciyawa a wurin reno sai ya ji sallama. Ya ɗaga kai ya ga Inna Hajo da kanta, da sandarta, ta tako tun daga cikin gari. Ya watsar da fartanya, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ta tambayi aiki da ruwa da gajiya, yana amsawa yana kallon tururuwa. Sannan ta juya masa gefe, kamar da wata ƙirya take magana.

"Yayata ce kwance, wadda ta goye ni. An ce mani icce ya gaji. Halan shi iccen ya hi mutum?"

"A'a, Inna."

"To mi Allah ya halicce shi don shi, in ba bayinsa ba? Ni dai ban taɓa roƙon kowa ba. Amma ba komi, sai in koma."

Ba ta koma hannu wofi ba. Ya kwance zanar, ya ɗan shafto ta nan ya ɗan shafto ta can, ya bar siririn ɓawo ta kudu da ta arewa wanda bai fi yatsa biyu ba. Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi ta sa masa albarka mai tsawo. Albarkar nan ta fi zagi yi masa zafi. Da kaka ta yi ya leƙa ƙarƙashin zanar, sai ya tarar 'yan siraran nan sun bushe sun ɗago, ya taɓa ɗaya ya karye a hannunsa. Ya zauna a gindinta har la'asar ta kusa wuce shi.

A wannan lokacin ne jita-jita ta yi yawa cewa za a yanka filaye a wannan gefen gari. Ba wanda ya san gaskiyarta, amma Malam Salihu bai tsaya jira ba. Ya ce tunda yanzu akwai zaɓaɓɓu da za a iya yi wa magana, zai ba da dajin wakafi ga jama'a, a shata iyakarsa a san ba na sayarwa ba ne. Ya aika aka gayyato sabon shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da masu unguwa su zo su gani da idonsu. Aka sa rana a cikin sanyi.

Sai madobiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zubar da ganye kamar yadda ta saba, sannan ta fashe da fure, rawaya shar tun daga ƙananan rassa har ƙololuwa, ƙudan zuma na ta kuka a kanta. Masu wucewa a hanya suna tsayawa kallo. Ummaru kaɗai ya san ma'anar abin. Bishiyar da ta ji mutuwa takan zuba duk ƙarfin da ya rage mata a fure, ya sha ganin haka a itatuwan da gobara ta lasa. Mutane na yi masa barka, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar taro aka share fili aka jera kujeru. Aka kawo Malam a mota, ya rame ƙwarai, ga rawani ga sanda. Idonsa ba ya rarrabe fuska, amma ya ga hasken rawaya a sama, ya tambaya aka gaya masa. Tsohon nan ya yi ta hamdala. Da aka ba shi magana ya ba da tarihin dajin tun daga gwangwanayen madara, ya ce abin da suke gani a sama iri ne, bana za a tara, baɗi a raba, wata rana jikokinsu su sha inuwar madobiya a ƙofar gidajensu. Sannan ya ce a nemo masa Ummaru. Aka jawo shi daga bayan wata kanya inda ya laɓe. Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce shi dai dasawa ya yi, amma wannan bawan Allah ne ya riƙe, shekara ashirin ba a taɓa kama shi da tsinke ba, in ana neman mai amana a Katsina ga shi nan. Aka yi tafi. Shugaban ya miƙo hannu, Ummaru ya kama da hannu biyu yana kallon takalman mutane. Jama'a suka ɗauka kunyarsa ce ta kullum, har wasu na dariya.

Shugaban ya yi alkawarin za a shata wurin, kuma daga baya an shata. Baƙi suka koma inuwa shan lemo. Malam bai saki kafaɗar Ummaru ba, ya ce ya kai shi wurin madobiya ya gaishe ta. Tafiyar ba nisa, amma Ummaru bai taɓa yin mai tsawonta ba. Da suka isa Malam ya miƙa hannu ya ci karo da zana. Ya tambaya ko ta mece ce. Kafin Ummaru ya ce ta awaki ce, Malam ya zura hannu ta ƙarƙashi. Yatsunsa suka taɓa busasshiyar laka, ta ruguje, suka sauka a kan itace tsirara. Ya fara zagayawa a hankali, yana jan ƙafa, hannunsa na bin gindin yana neman inda ɓawo zai tare shi. Ya zagayo har inda ya fara. Ya tsaya, furanni na faɗowa a kan rawaninsa.

"Ummaru," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji, "ina gabas ta ƙare, ina yamma ta fara?"

Ummaru ya durƙusa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma iya jera magana ba. Ya dai ambaci Inna, ya ambaci yarinyar nan da jinin da ta zubar, sauran Malam ya haɗa da kansa.

"Ɗiyar taka ta samu sauƙi?"

"Ta samu, Malam."

"To alhamdu lillahi. Rai ya hi icce, wannan ba gardama." Ya ɗaga fuskarsa sama inda hasken yake. "Amma da ka zo ka hwaɗa mani, da na ce ka hau ka sare reshe guda ka kai masu. Reshe ma ai shina da gabas da yamma."

Ummaru ya ɗaga kai ya dubi rassan. Ga su nan birjik, manya da ƙanana, kowanne rana na fito masa ta gefe ɗaya ta faɗi ta ɗayan. Guda ɗaya ya ishi Inna Hajo da duk danginta, bishiyar kuma ko a jikinta. Tafiyar Juma'a ɗaya da buɗe baki sau ɗaya, shi ke nan abin da ake nema a wurinsa. Hawaye suka zubo masa, ya ji kunyar su ma, ya goge da hannun riga.

Malam bai yi masa faɗa ba, ran nan ko bayan nan, kuma bai gaya wa kowa ba. Da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne idan 'ya'yan sun bushe a tara su kafin iska ta kwashe, sannan ya nemi a mayar da shi wurin baƙi. Ummaru ya tara, har na cikin ƙaya ya bi ya tsince. Kaɗan daga ciki suka tsiro a wurin reno. Ran Juma'a ya ci gaba da zuwa gaisuwa, Malam ya tambayi rijiya da shinge da 'yan tsirran, ya tsaya nan. Tambayar ƙarshen nan bai sake yin ta ba har ya bar duniya.

Da damina ta sauka marke ya yi ganye, ƙirya ta yi, ɗinya da kanya da taura duk suka yi kore. Madobiya ta tsaya a tsakiyarsu ƙayau. Masu itacen wuta sun yi ta zarya, Ummaru da bai iya hana kowa komai ba ya hana su wannan. Ya kwance zanar ya ƙone, ya bar zoben a fili. Hanyar rijiya ta gindinta ta bi, kuma yana bin ta kullum da garwa a kafaɗa har ƙarfinsa ya ƙare. Waɗanda suka yi aiki da shi daga baya sun ce duk sa'ad da ya zo daidai wurin sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai ya wuce, kamar yadda yake wuce surukarsa a lungu.